Amfani Daban, Sauƙi Daban

A watan Fabrairun 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo a hannun jama'a, na yi kwana uku ina sammako ƙofar wani banki. A rana ta uku, hantsi ya dubi ludayi, sai wani ma'aikaci ya leƙo da farar takarda, ya manna ta a gilashin ƙofa, ya koma ciki ya datse. Layi ya wargaje, kowa ya yi caa a kan takardar. Wani dattijo da ke bayana, wanda tun asuba muke tare har mun fara raba goro, ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, kai da ka yi boko, me suka ce?"

"Baba, wai babu kuɗi yau, sai gobe."

"To wancan dogon rubutun na ƙasa fa?"

Na sake dubawa. Jimlar nan ce da duk wanda ya taɓa shiga ofis a Najeriya ya haddace ko bai so ba, wadda ake ba jama'a haƙuri a kan abin da Turanci ke kira "inconvenience". Na buɗe baki, na rufe. In ce wahala, kalmar ba ta kai wahala nauyi ba. In ce takura, ba ita ba ce sak. Daga ƙarshe na ce masa, "Sun ce a yi haƙuri da ɗan tsaikon da aka samu." Ya dube ni, ya dubi ƙafafunsa da suka yi futu-futu da ƙura, ya ce, "Ɗan tsaiko. Iyalina na kwance a asibiti, mai kemis ya ce shi sai kuɗi a hannu, su kuma ɗan tsaiko suka gani." Ya gyara zaman hularsa ya tafi, ya bar ni da kunyar da ba ni na jawo ta ba.

Tun ranar kalmar ta maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi. Da na shiga bin danginta ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar Turawan Ingila sun tara kalmomi tuli a wannan fage na amfani da sauƙi, mu kuma in mun zo fassara sai mu zuba su duka a ƙwarya ɗaya mu rufe da faifan "mai amfani". Da "useful", da "handy", da "practical", da "convenient", da "expedient", wai duk mai amfani. Ba ƙarya muka yi ba, kamar dai a ce da gero da dawa da maiwa duk hatsi ne. Amma matar da ta aika a sayo mata geron fura aka kawo mata dawa, ita za ta gaya maka bambancin.

Babbar yayarsu ita ce "useful", kuma ita ce mafi riƙon gaskiya a cikinsu. Da yawanmu ma ƙanwarta "useless" muka fara sani, domin da ita ake jifan mu a aji in mun faɗi lissafi. Tushensu na komawa ga wata kalmar Latin mai nufin yin aiki da abu. Daga wannan tsatso aka sami "utensil", wato kayan kicin irin su ludayi da tukunya, aka sami "utility", sunan da suke ba ruwan famfo da wutar lantarki da sauran abin da gida ba ya zaunuwa sai da shi. Sai dai gidan bai rasa baragurbi ba. "Abuse", mai nufin cin zarafi ko zagi, asalinta amfani ne da aka karkatar da shi daga hanyarsa. "Usury" kuwa, cin kuɗin ruwa ke nan, asalinta ladan da ake biya don an yi amfani da kuɗin wani. Wannan ya sa ni murmushi, domin mu ma muna da irin waɗannan tagwaye: ribar kasuwa da kowa ke addu'ar samu, da ribar da malamai ke tsoratarwa a kanta kowace Juma'a. Kalmomi biyu ne daban a Larabcin da muka aro su, amma rubutun boko ya sa musu riga iri ɗaya, sai a baki kake rarrabe su, ɗaya da jan wasali, ɗaya a gajarce.

Ingila ta taɓa yin wani mutum da ya ɗauki "utility" ya mai da ita mudun auna komai. Jeremy Bentham ke nan, wanda aka haifa a 1748, ya kuma fitar da littafi a 1789 yana kafa hujja cewa ana gane kyan aiki ko muninsa ne da yawan daɗi ko ciwon da ya jawo wa mutane. John Stuart Mill, ɗan amininsa, ya zo ya ɗora a kai. Bentham bai tsaya a fatar baki ba. Wasiyya ya bari cewa in ya mutu a feɗe gawarsa a gaban masu neman ilimin likitanci, don kada ko gawar ta tafi a banza. Da ya mutu a 1832 aka cika masa, aka harhaɗa ƙasusuwansa aka sa musu tufafinsa, har yau suna zaune a kan kujera cikin akwati a wata babbar kwalejin Landan, masu wucewa na kallo. A wurin Bahaushe, wanda gaggauta suturta mamaci ita ce gatan ƙarshe da ake yi wa mutum, wannan abin neman tsari ne. Amma dai ba mai cewa mutumin bai yarda da kalmarsa ba.

Tamu kalmar, amfani, masana harshe na danganta ta da tushen Larabci na nafa'a, Yarbawa kuma sun karɓe ta daga bakinmu suna cewa anfaani. Inda ta fi zama daram a Hausa kuwa shi ne gona. In an ce amfanin gona, gero ake nufi da dawa da wake da gyaɗa, abin da aka sha rana aka samu. Sharar gona, shuka, firi, maimai, girbi, sussuka, sannan a ɗaga ido a ce an sami amfani. Shi ya sa a kunnen Bahaushe kalmar tana tafe da warin gumi. Abu mai amfani na iya zama mai ɗaci kamar maɗaci, mai nauyi kamar dutsen niƙa, mai cin shekaru kamar haddar Alƙur'ani, kuma duk wannan bai rage masa komai ba. Babu wanda ya taɓa yi wa amfani sharaɗin ya zo cikin sauƙi.

'Yar autar da na fi so a cikin na Turancin ita ce "handy". Daga sunan hannu aka ƙere ta. Abin da ke kusa da hannu, ko wanda ya zauna a tafin hannu daidai, ko mutumin da hannunsa ya iya gyare-gyaren cikin gida, duk ita ce. Aska, tocila, allura da zare a jakar matafiyi. Kalma ce marar girman kai. Ba ta yi maka alkawarin ceton rai, iyakarta wata rana ka laluba aljihu ka ce alhamdu lillahi da na taho da ita. 'Yar'uwarta "handsome", wadda 'yan mata ke yaba samari da ita yanzu, a ƙarni na 15 abin da ke da daɗin riƙewa take nufi, kamar ƙotar fartanya da ta sha hannu ta yi santsi. Daga baya ne ta tashi daga tafin hannu ta koma fuska. Jamusawa kuma suka ɗauki "Handy" sukutum suka raɗa wa wayar salula, sunan da Baturen Ingila bai san waya da shi ba. Mu muka ce wayar hannu, tunani ɗaya da nasu ba tare da mun yi shawara ba. Amma lokacin da ta shigo Najeriya a 2001 an kuma yi mata laƙabin tafi-da-gidanka, irin sunan da muke ba kotun da ke bin mutane har bakin titi. A ganina wannan ya fi na Turawa duka faɗin gaskiya. Gidanka ka tafi da shi kuwa, da cefanensa da rigimarsa da masu bin ka bashi, babu inda za ka je ka huta.

"Practical" ba ta buƙatar dogon zance. Daga Girkanci take, aikatawa take nufi, kuma aikinta ɗaya ne, ta dubi shirin da aka tsara a takarda ta tambaya ko zai yiwu a ƙasa.

Wadda ta hana ni barci ita ce "convenient", uwar kalmar da aka manna mana a gilashi. A Latin guntaye biyu ne aka haɗa, ɗaya na nufin tare, ɗaya na nufin zuwa. Zuwa tare, haɗuwa a wuri ɗaya. Daga nan ne ma aka sami "convention", babban taron da jam'iyyunmu ke yi su tsayar da ɗan takara. Lokacin da kalmar ta shiga Turanci, wajen ƙarshen ƙarni na 14, ma'anarta ita ce abin da mu muke kira dacewa: hukuncin da ya dace da laifi, maganar da ta dace da bakin mai faɗinta, tufar da ta dace da matsayin mai ita. Dacewa kuwa ba ta yiwuwa da ɓangare ɗaya, sai an sami tukunya an sami murfi. Sannu a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru, ɓangare ɗaya ya zame ya faɗi ba a lura ba. Yau in Bature ya ce abu "convenient" ne, nufinsa ya zo mini daidai, bai ci lokacina ba, bai tashe ni daga kujera ba. Ko ya zo wa na ɗaya gefen daidai, kalmar ta daina tambaya.

Su kansu masu harshen sun san akwai lauje cikin naɗi, domin duk inda suka jingina kalmar da abu mai daraja sai ka ji ta yi wari. Suna da "marriage of convenience", wanda suka fassaro daga Faransanci, auren da aka ƙulla don dukiya ko muƙami ko takardar zama a ƙasa, babu so babu niyyar zama. Mai karatu ya riga ni tunowa da auren kisan wuta, wanda malamai suka daɗe suna la'anta. Suna kuma da "flag of convenience". Mai jirgin ruwa yana zaune a Girka ko Japan, amma sai ya yi wa jirginsa rajista a wata ƙasa mai sassaucin haraji da dokar ƙwadago, ya kafa tutarta. Panama da Laberiya da Tsibiran Marshall su ne kan gaba a wannan harka. Rajistar Laberiya an kafa ta a 1948, kuma kamfanin da ke gudanar da ita a jihar Virginia ta Amurka yake zaune. Jirage da dama masu ɗauke da tutar Laberiya ba su taɓa ganin Monrovia ba. Mai jirgi ya sami abin da ya zo masa daidai. Matuƙan da ke kwana a teku, waɗanda in an riƙe musu albashi sai sun nemi ƙasar da za su kai ƙara, su ne murfin da ya faɗi.

Wani abin dariya kuma, kalmar ta ƙare a bayan gida. A Ingila in ka ga allo an rubuta "public convenience", ban ɗakin jama'a ake nuna maka, kuma ofisoshinmu sun gaji wannan ladabi. Ba ita kaɗai ba ce. "Commode", daga wata kalmar Latin mai nufin abin da ya zo daidai gwargwado, ta fara a matsayin sunan durowar zuba tufafi a Faransa, ta ƙare a matsayin kujerar da ake ɗora marar lafiya ya yi bukatarsa. Ba zan yi musu dariya da yawa ba, mu da muke cewa makewayi da zagayawa da kama ruwa. Kowane harshe na da hanyar da yake kau da kai.

Inda kalmar ta yi kuɗi shi ne kanti. A 1927, a birnin Dallas na jihar Texas, wani ma'aikacin kamfanin sayar da ƙanƙara ya lura cewa masu zuwa sayen ƙanƙara da yamma ko ranar Lahadi, bayan an rufe manyan kantuna, suna neman madara da ƙwai da burodi. Sai ya fara ajiye su. A 1946 aka raɗa wa kantunan suna 7-Eleven, saboda a lokacin suna buɗewa ƙarfe 7 na safe su rufe ƙarfe 11 na dare. Irinsu ake kira "convenience store". Japanawa suka karɓa a 1974, suka gutsure kalmar ta koma konbini, yau kuma rassan 7-Eleven a Japan kaɗai sun haura 20,000. Abin da ake sayar maka a irin wannan kanti lokaci ne, madarar da burodin rakiya suka yi, shi ya sa farashinsu ya ɗara na babbar kasuwa kuma ba ka ƙorafi. Mai tiredar unguwarmu ya riga su sanin wannan dabara, yana ƙulla sukari da omo da man gyaɗa na ɗan abin da ke hannunka, ƙarfe goman dare. Bambancinsa da su, ya san mahaifiyarka, yana ba ka bashi har ƙarshen wata, in an yi maka rasuwa da shi za a zauna zaman makoki. Tsohuwar ma'anar kalmar, ta haɗuwar ɓangare biyu, a tiredarsa ta fi rai.

In ba amfani ba, da me za mu fassara ta? Mafi kusa ita ce sauƙi, kuma a nan ne na gane dalilin da bakina ya sarƙe a ƙofar banki. Sauƙin Bahaushe yana da tarihi a bayansa. Ka je dubiya ka ce ya jiki, a ce da sauƙi, ko da mai jikin bai san wanda ke kansa ba. Ka ce Allah ya ƙara sauƙi. Ka ji mugun labari ka ce Allah ya sawwaƙe. A kasuwa a ce hatsi ya yi sauƙi, wato jiya ya yi tsada. A yabi mutum a ce yana da sauƙin kai. A mafi yawan waɗannan akwai wani nauyi da aka ɗauka tukuna, sannan aka sassauta shi, kuma roƙonsa ake yi. "Convenience" kuwa ba ta san da wani nauyi da ya gabata ba, saye ake yi, kuma mai saye yana ganin haƙƙinsa ne. Saboda haka kishiyar sauƙi a wurinmu ita ce tsanani, ita ce wuya, alhali kishiyar tasu ɗan cikas ne, kamar ka zo shiga mota ka tarar ka manta makulli a ɗaki. Da wannan 'yar ƙaramar kalma aka auna wahalar dattijon nan.

Kada a ce ina yi wa wahala kirari. Na tashi na ga mata suna surfe da daka tun kafin kiran assalatu, na ga tafin hannun da taɓarya ta mayar kamar fatar kirgi. Ranar da injin niƙa ya iso unguwa, babu macen da ta yi kukan rabuwa da dutse, kuma namijin da zai zauna a inuwa yana yabon tuwon da, bai taɓa riƙe taɓarya ba. Injin niƙa sauƙi ne na gaske, amfani ne kuma, ya haɗa biyun. Ni kaina ba na iya tuna ranar ƙarshe da na bi layin biyan kuɗin wuta tun da waya ta ɗauke mini. Dunƙulen da ke cikin miyar gidana, wanda kamfanin Julius Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara fitarwa a 1908, ya raba uwargida da doguwar hidima, ko da yake har gobe in ana son miyar kuka ta amsa sunanta sai an nemo daddawa.

Abin da nake cewa shi ne a riƙa bin sawun nauyin a ga inda ya sauka. Ruwan leda ya zo wa mai ƙishirwa daidai, ya huda da haƙori, ya sha, ya yar. Ledar ta tafi ta toshe kwata, damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakin wanda bai sha ba. Wata akuya ta haɗiye, mahauci ya tarar da ita cure a tumbi. Ka zauna a falo ka danna waya a kawo maka abinci, wani yaro ne a kan babur ya shanye ranar da ka guje wa. Nauyin bai ɓace ba, kafaɗa ya sauya. Da tsohon mataimakin shugaban Amurka Al Gore ya fito a wani fim kan ɗumamar yanayi a 2006, da kishiyar "convenient" aka sa wa fim ɗin suna, An Inconvenient Truth, gaskiyar da ba ta zo wa kowa daidai ba. Bahaushe ya ce gaskiya ɗaci gare ta. Bature bai ce tana da ɗaci ba, cewa ya yi ta zo a lokacin da bai shirya tashi daga kujera ba, kuma ina ganin ya fi mu gano ainihin dalilin da ya sa ake gudun ta.

'Yan siyasarsu ma suna da tasu, "expedient". Asalinta a Latin cire ƙafa daga mari ne. Yau ana faɗinta a kan matakin da zai fisshe ka a yanzu ko da bai kamata ba, kuma mai faɗinta ya san bai kamata ɗin ba. Kowa tasa ta fisshe shi, in ji mu. Akawun ofis kuma yana da "at your earliest convenience", wadda a zahiri take cewa duk lokacin da ka sami sarari, amma in daga maigida ta fito, ma'anarta ajiye abin da kake yi ka zo yanzu.

Ina ƙyashin Turanci a kan abu ɗaya: ya ware wa amfani kalma, ya ware wa abin da ya zo wa mutum daidai wata, har mai magana na iya cewa abu kaza yana da wannan ba shi da wancan cikin numfashi ɗaya. Mu ma muna da kayan aikin, ga amfani, ga moriya, ga fa'ida, ga sauƙi, ga dacewa, ga sha-yanzu-magani-yanzu, ragwancin fassara ne ke sa mu kama ɗaya mu bar sauran.

Saboda haka ga roƙona ga 'yan'uwa masu fassara a gidajen rediyo da jaridu. In kun ci karo da "convenient", ku dakata kafin ku rubuta mai amfani, ku duba wa abin ya zo wa daidai, ku sa sunansa a cikin jimlar. Ku kuma masu manna takarda a ƙofar banki da asibiti da tashar mota, ku riƙa rubuta ta da harshen mutanen da ke tsaye a layin. Wanda ya yi sammakon kwana uku bai sami kuɗin maganin iyalinsa ba, wahala ya sha. Ku rubuta wahala.